Ranar da mai shayi ya zo cocinmu neman 'yan'uwan mara lafiya

'Yan'uwana Kirista, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. 'Yan'uwana Musulmi, na san kuna da yawa a nan, kada ku ce yau maganar coci ce ku wuce. Ku ɗan zauna, domin wanda ya koya mini darasin da zan ba da yau ɗan'uwanku ne.

Yau zan tona asirin kaina. Kun saba ji ina yi wa gwamnati faɗa, ina yi wa 'yan siyasa faɗa. To yau ni ne a gaban alƙali, ni da ikilisiyar da na taso a cikinta. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba. Abin da zan ce kawai shi ne a Kaduna take, tsallaken gada, ɓangaren kudu.

Shekara biyu ke nan. Wata ranar Lahadi, an tashi daga sujadar Turanci, ana shirin shiga ta Hausa. Ni a lokacin ina cikin shugabannin zumuntar matasa, ina tsaye a bakin ƙofa tare da yaran Birged masu binciken jaka. Kun san tun hare-haren bam na 2011 da 2012 ba a shiga yawancin majami'unmu sai an caje mutum. Sai ga wani dattijo da hula da doguwar riga ya tsaya can nesa, bai matso ba. Na ga yaran sun fara kallon juna. Ni ma, gaskiya, gabana ya faɗi. Na ƙarasa na ce, "Baba sannu, lafiya dai?"

Ya ce, "Lafiya lau samari. Ina neman 'yan'uwan wani yaro ne. Ya ce mini nan yake zuwa." Ya faɗi sunan yaron.

Na ce ban san shi ba. Na tambayi yaran Birged, ba su san shi ba. Na shiga na tambayi sakataren matasa, ya buɗe littafi, babu sunan. Na dawo na ce, "Baba, anya wannan cocin ne? Akwai wasu coci uku a layin nan."

Dattijon ya ce, "Nan ne. Dogo ne, siriri, ba ya son magana. Ya ce shi ke jera muku kujeru."

Jama'a, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na san shi. Kowa ya san shi. Kusan wata goma, duk ranar Lahadi kafin ƙarfe shida da rabi yana nan, shi ke share ƙura, shi ke jera kujerun roba. Da hannuna na sha miƙa masa tsintsiya. Na sha ce masa, "Ɗan'uwa, Allah ya yi albarka." Kowa ɗan'uwa yake ce masa, kuma yanzu na gane dalili. Ba wanda ya san sunansa.

Ashe yaron kwanansa goma sha ɗaya a kwance. Lebura ne a wajen gini, shi kaɗai a ɗaki, iyayensa suna ƙauye. Zazzaɓin taifod ya kama shi, ya yi ta shan magani daga kemis har ciki ya rikice. Wannan dattijon mai shayi ne a bakin layinsu. Da ya ga kwana uku yaron bai zo shan shayi ba, ya rufe teburinsa, ya je ya buga masa ƙofa, ya ɗauke shi a keke zuwa asibiti, ya biya kuɗin kati da na gwaji daga aljihunsa. Da aka ce ana bukatar aiki, kuɗin ya fi ƙarfinsa, shi ne ya tako ya zo wurinmu.

Ku lura da lissafin. Kwana uku mai shayi bai ga yaron ba, ya tashi nemansa. Mu Lahadi ta wuce ba mu gan shi ba, abin da muka ce kawai shi ne, "Wai yau wa zai jera kujeru?"

Mun tara kuɗi a ranar, kada in rage mana. Baba Fasto ya yi sanarwa, Zumuntar Mata suka tashi tsaye, aka yi aikin, Allah ya ba shi lafiya. Amma da na je duba shi a gadon asibiti, na ba shi haƙuri, sai ya ce mini, "Yayana, ku ba mugaye ba ne. Kuna da sauri ne kawai." Har yau wannan magana ba ta bar ni ba.

To me ya same mu? Na daɗe ina wannan tambayar, kuma ga abin da na gano.

Abu na farko, mun mai da coci wurin taro. Muna da shirye-shirye kamar me. Makon matasa, makon mata, makon bishara, gasar waƙa, ƙaddamar da kalanda, asusun gini. Mutum zai iya shekara yana shiga wannan yana fita wancan, a gaji tiɓis, ba tare da wani ya taɓa zama da shi minti goma ya ce, "Ya gida? Ka ci abinci yau?" ba. Iyayenmu suka ce zumunta a ƙafa take. Mu mun ɗauke ta daga ƙafa mun sa ta a kan takardar sanarwa.

Abu na biyu shi ne wanda ba ma son faɗa, ƙabilanci da aji. A cikin coci ɗaya, idan an tashi, ka duba yadda ake tsayuwa a fili. Bajju a can, Atyap a can, Ham a can, Gbagyi da Adara a can, mutanen Filato da na Adamawa kowa da inuwarsa. Hausawa Kirista kuwa, su da suka fi kowa iya harshen da ake sujada da shi, sau da yawa su ne baƙi, har a tambaye su, "Kai da gaske Kirista ne?" Ga kuma rabuwar sujadar Turanci da ta Hausa. An yi ta ne da kyakkyawar niyya, don kowa ya ji wa'azi da harshen da ya fi ganewa. Amma a wurare da yawa ta koma sujadar masu digiri da mota, da kuma sujadar tsofaffi da leburori da 'yan aikin gida. Yaron nan ba shi da 'yan garinsu a cocinmu, ba ya jin Turanci sosai, ba shi da waya mai WhatsApp. Kowace raga muka shimfiɗa, ta ramin ya faɗa.

Kuma abin kunyar shi ne tarihinmu ba haka ya fara ba. Ku tuna, a 1893 samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasar nan. Biyu suka mutu cikin shekara guda. Daga wannan aiki na SIM ne ECWA ta fito, ta tsaya da ƙafarta a 1954. A 1904 Karl Kumm da abokansa suka isa Wase, daga nan tushen COCIN. A 1923 aka yi sujadar farko a Garkida ƙarƙashin itacen tsamiya, mafarin EYN ke nan. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Kakanninmu da ba sa jin yaren juna, wasu ma kakanninsu sun yi yaƙi da juna, Hausa ce ta zaunar da su a benci ɗaya. Ba su da fanka, ba su da janareta, ba su da lasifika. Amma idan mai bi ya kwanta ciwo da damina, gayya ake yi a nome masa gona. Mu muna da komai, muka rasa sunan mai jera mana kujeru.

Kada kuma mu ɗauka wannan sabon ciwo ne. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiyar farko a Urushalima, wadda aka ba da labarinta a sura 2 cewa suna taruwa gida-gida suna cin abinci tare suna raba abin da suke da shi, ita ma ta faɗa wannan rami. Gwaurayen mata masu jin Helenanci aka riƙa mantawa da su wajen rabon abinci na kullum. Harshe da asali ne suka jawo, kamar namu. Manzanni ba su ce a yi shiru kada a ɓata sunan ikilisiya ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanus da Filibus, aka damƙa musu aikin. Kuma idan ka duba sunayen bakwai ɗin, duk sunayen Helenanci ne. Wato daga cikin waɗanda aka manta da su aka ɗauko masu gyara. Wasiƙar Yaƙub sura 2 ita ma ta yi wa masu bi faɗa a kan ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, a bar talaka a tsaye. Littafinmu ya san halinmu.

To me muka yi? Zan faɗa muku har da inda muka yi tuntuɓe, don kada ku maimaita.

Mun fara da WhatsApp, kamar kowa. Muka buɗe zaure muka zuba mutum sama da ɗari. Cikin mako biyu ya cika da hotunan barka da safiya, da saƙon "tura wa mutum goma ka ga albarka", da tallar takalma. Wanda ke cikin damuwa ba zai buɗe cikinsa a gaban mutum ɗari ba. Kuma mutane irin yaron da ya jawo maganar ba su ma cikin zauren. Wannan ya faɗi.

Sai muka je wurin wata tsohuwa a Zumuntar Mata, muka ce, "Mama, ku yaya kuke yi? Ba a haihuwa ko rasuwa a cocin nan sai mun gan ku da zanenku iri ɗaya kun riga kowa isa." Ta yi dariya ta ce, "'Ya'yana, mu ba mu da wani sirri. Kowace unguwa akwai wadda ta san gidan kowa. In ba mu ga mace ranar Lahadi ba, kafin Talata an taka an je." Shi ke nan. Mu masu digiri muna neman dabara a intanet, ashe tana zaune a bencin gaba da tulun kiɗa a hannunta.

Muka kwaikwaye su. Muka raba matasa ƙungiya-ƙungiya, mutum takwas zuwa goma, bisa unguwa. Ba mu yarda a raba bisa yare ko bisa sujadar da mutum ke shiga ba. Ana haɗuwa ranar Alhamis da yamma a gidan ɗaya daga cikinmu, ana zagayawa. Mai ɗaki ɗaya ma ana zuwa nasa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Abin da mai gida ke da shi za a ci, ko garin kwaki da ƙuli ne. Mun kafa wannan doka da gangan, don kada abin ya koma gasar girki talaka ya ji kunyar karɓar baƙi. A karanta ɗan nassi, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, a yi addu'a, a tashi kafin dare ya yi.

Muka sa dokoki uku. Ta ɗaya, abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Wannan mun koye ta ne da wuya. Wata 'yar'uwa ta faɗi matsalar gidansu don a yi mata addu'a, kafin Lahadi labari ya zaga coci da sunan "mu sa ta a addu'a". Ku sani, gulma ta iya sa kayan coci. Sai da muka je gidansu muka durƙusa, kuma wata huɗu ta yi ba ta dawo ba. Doka ta biyu, ba a ɗaukar hoton taimako. In ka kai wa wani mudun shinkafa, wayarka ta zauna a aljihu. Ta uku, in ba a ga mutum sau ɗaya ba, a kira shi. In sau biyu ne, a taka.

Muna kuma da ɗan asusu, kowa naira 500 a mako, wanda ba shi da shi ba a tambayarsa. Mutum biyu ke riƙe lissafi, ana karanta shi a fili duk ƙarshen wata. Ba ya sayen mota, amma ya biya kuɗin gwajin jini, ya biya kuɗin motar zuwa jana'iza, ya cika wa wata kuɗin rajistar jarrabawa.

Dattawan ikilisiya da farko ba su saki jiki ba. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, haka ake fara raba coci. Yau taron gida, gobe ka sa kwat ka ce kai fasto ne." Raina ya ɓaci, amma da na yi tunani na ga yana da hujja, ya ga irin haka da idonsa. Sai muka kai musu jerin ƙungiyoyin, muka roƙi kowane dattijo ya riƙa leƙa ɗaya. Matasa, in kuna son gyara a cocinku, kada ku zagaye dattawa. Ku ja su a jiki, ko da za su ja muku rai.

Yanzu bari in zo kan maganar shaida bangaskiya, don a nan ne mutane da yawa ke jira su ji me zan ce.

Ni Kirista ne, na gaskata da Yesu Almasihu, kuma ba na ɓoyewa. Bangaskiyata ta ce in faɗa wa wasu. Ɗan'uwana Musulmi ma addininsa ya ce ya yi da'awa. Kowa ya san wannan, babu amfanin mu yi wa juna ƙarya. Tambayar ita ce ta yaya.

Na taso ina bin 'yan Sabon Rai fita wa'azi, kuma ina girmama su, sun kai bishara ƙauyukan da mota ba ta shiga. Amma ranar da mai shayin nan ya tsaya a ƙofarmu, na tambayi kaina, da a ce a ranar na miƙa masa takardar bishara, da wane ido zai kalle ni? Mutumin da ya yi wa ɗan cocinmu abin da Basamariyen nan na cikin Luka sura 10 ya yi, alhali mu ne muka bi ta gefen hanya? Wa'azin da za ka yi a waje, mutane sun riga sun karanta shi a yadda kake riƙe na cikin gida.

Ga abin da nake bi yanzu. Na farko, ina fara da sauraro. A Yohanna sura 4, Yesu da ya haɗu da matar nan a bakin rijiya, shi ya fara roƙon ta ruwa, ya bar ta ta yi tambayoyinta. Na biyu, ba na zagin abin da wani ke girmamawa. Wasiƙar Bitrus ta fari sura 3 ta ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, ta kuma haɗa da sharaɗin tawali'u da ladabi. Masu zagi a Facebook da TikTok da sunan kare addini, na kowane ɓangare, ku nuna mini mutum ɗaya da zagi ya taɓa jawowa. Na uku, ba na sayen mutum. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗin sai ka zo cocinmu ciniki ne. In ka ba mai yunwa abinci, ka ba shi don yana jin yunwa. Na huɗu, in mutum ya ce a'a, a'arsa ta zauna, kuma gaisuwa ba ta yankewa.

Mu a Kaduna mun san farashin rashin wannan. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba garin nan, kogi ya zama iyaka, Kirista suka tattara kudu, Musulmi suka tattara arewa. Akwai yaran da suka girma ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Amma a garin nan ne kuma Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikicin, suka haɗu a 1995 suka koma aikin sulhu tare. Fasto bai bar cocinsa ba, Imam bai bar masallacinsa ba. Ana iya riƙe bangaskiya da ƙarfi a kuma riƙe maƙwabci.

Za ku tambaye ni ina yaron yake. Bai dawo cocinmu ba. Da ya warke ya koma ƙauyensu, yana noma, ya yi aure bara. Muna waya, kuma yanzu na san sunansa da na mahaifiyarsa. Na so a ce labarin ya ƙare da cewa ya dawo ya zama shugaban matasa, amma ba haka ya faru ba. Mun yi latti a kansa. Ƙungiyoyinmu ma ba duka suka rayu ba, cikin tara da muka fara, shida ne ke haɗuwa har yanzu.

Mai shayi kuwa yana nan. Duk ranar Asabar nakan je in sha shayi da burodi a teburinsa. Da Sallah ya aiko mini da nama, da Kirsimeti na kai masa shinkafa da kaza mai rai, ya yanka da kansa. Ya taɓa tambayata me ya sa muke cewa Yesu ya mutu dominmu, na faɗa masa iyakar sanina, ya saurara har ƙarshe. Ni ma na tambaye shi abubuwa, ya amsa. Ya tashi ya yi sallarsa, ni na tsare masa tebur.

Ga aikin gida na wannan mako. Ranar Lahadi mai zuwa, in an tashi, kada ka nufi inuwar 'yan garinku. Nemi mutum ɗaya da ka saba gani ba ka san sunansa ba. Mai shara, mai gadi, matar da ke zama a bencin baya da yara uku. Ka tambayi sunansa, ka tambayi unguwarsu, ka rubuta. Cikin mako ka kira shi, in da hali ka taka. 'Yan'uwana Musulmi, ku ma akwai wanda kuke haɗa sahu da shi kullum, wanda in ya ɓace kwana uku ba wanda zai san ƙofar da za a buga. Ku duba.

Wanda ya gwada, ya rubuto mana yadda ta kaya, amma kada ya sa sunan kowa. Mako mai zuwa za mu koma kan maganar matasa da aikin yi. Kafin nan, Allah ya tsare mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.